Yarona yana karatu kamar ruwa, amma bai san abin da ya karanta ba

Uwar_Biyu_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Damuwa ce ta kawo ni. Ɗana na fari shekararsa 13, yana sankiyam, aji biyu na sakandare, a wani CEG (ƙaramar sakandare) nan cikin Tawa. In ka miƙa masa littafin Faransanci zai karanta maka shafi guda ba gargada, har maƙwabta na cewa Allah ya ba ni mai ƙwaƙwalwa. Sai ga takardarsa ta makon jiya, 6 bisa 20. Na zauna na duba ta da kyau. Duk tambayar da amsarta ke kwance cikin rubutun ya ci ta, don kwafewa kawai ya yi. Wadda aka ce masa "don me kake ganin mutumin ya ƙi shiga gidan", ya bar wurin fari fat. Inda aka ce ya gina jimla da wata kalma, sai ya ɗauko jimlar littafi ya sake rubutawa. Kullum dare ina sa shi haddar kalmomi goma, da safe ya kawo mini su daidai, bayan sati guda kamar bai taɓa ganinsu ba. Ni karatuna a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya tsaya. Malamai da iyayen da ke cikin zauren nan, ku taimaka mini da dabara.

Baban_Ikram:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi kamar ɗiyata kike ba da labari. Tana katiriyam, aji uku na sakandare. Zan zauna nan in ji abin da malamai za su ce.

Mushe_Ader:
Hajiya, sannu da ƙoƙari, ba kowace uwa ke zama ta duba takarda haka ba. Shekarata 17 ina koyar da Faransanci daga siziyam zuwa turwaziyam, wato aji ɗaya zuwa aji huɗu na sakandare, kuma irin ɗanki su ne suka fi yawa a kowane aji da na riƙe. Bakinsa ya iya furta haruffa, wannan aikin firamare ne kuma ya samu. Abin da ya rage shi ne kalmar ta zauna masa a kai da ma'anarta.

Ki rage goman nan. Kalma uku a dare sun isa, amma kada ya ɗauke su tsirara. Ya kwafo jimlar da ya tsinci kalmar a ciki, sannan ya yi tasa jimlar a kan wani abu na gidanku. Kuma ya nemo danginta. Misali terre, ƙasa. Daga ita aka samu terrain, fili, enterrer, binnewa, souterrain, abin da ke ƙarƙashin ƙasa, atterrir, saukar jirgi. Yaron da ya gane cewa uwa ɗaya ta haife su, ran da ya gamu da déterrer ba zai firgita ba, zai ce ai tonowa ce daga ƙasa. Mu ma haka harshenmu yake: noma, manomi, manoma, ɗinki, maɗinki, maɗinka. Yaro ya san wannan tun yana goye, ba a dai nuna masa cewa Faransanci ma haka yake tafiya ba.

ƊanGalmi:
Mushe ka yi mini haƙuri, ni hwa ban yarda a raina hadda ba. Da hadda munka tashi. Makarantar allo mi a cikinta in ba hadda ba? Kuma ga mutane sun hardace izu sittin. Yaran yanzu ƙyuya ce da waya ta kashe su, ba wani abu ba.

Malama_Ƙonni:
@ƊanGalmi Malam, ba wanda ya raina hadda. Amma ka tuna yadda ake yinta a makarantar allo. Ba a wanke allo sai an tabbatar karatun ya zauna, kuma bayan an wanke akwai tilawa, ana komawa baya kullum. Abin da Hajiya ta faɗa shi ne goma yau, wasu goma gobe, na jiya ba a sake waiwayarsu. Ko gardi ne ya bar tilawa, karatu zai zube masa.

ƊanGalmi:
To wanga kam gaskiya ne Malama. Tilawa ita ce.

Ɗalibi_UDH:
Ina karatu a jami'ar Djibo Hamani, kuma ina koya wa ƙannena biyu da dare. Maganar Malama ta yi daidai da abin da wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa tun 1885: mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma in ana komawa kansa da tazara sai ya daɗe bai gushe ba. Ga yadda nake yi. Na yanka tsohon kaye, littafin rubutu, ƙanana ƙanana. Gaba kalma, baya jimla da ma'ana. Gwangwanin tumatir uku na wanke. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Lahadi kawai. Kalmar da yaro ya ci sai ta ƙara gaba, wadda ya faɗi ta koma na farko ko da ta kai na uku. Minti goma ne, ko dala ba a kashewa.

Uwar_Biyu_Tawa:
Allah shi yi maka albarka ƙanena. Gwangwani kam akwai su. Amma Mushe, wannan ta kalmomi ce. Ita tambayar "don me kake gani" fa? Ita ta fi tsaya mini a rai, don ko gwadawa bai yi ba.

Mushe_Ader:
Ita ce babba Hajiya. Bai gwada ba don an saba masa cewa amsa tana wani layi, aikinsa ya nemo ta ya kwafe. Da ya duba bai gan ta ba sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. Ga wani ɗan rubutu da nake farawa da shi a siziyam, da Hausa nake karanta musu:

"Tun asuba yarinyar ta share ɗakin da ya yi wata bakwai a kulle. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta cika randa. Uwarta ta fiddo irin gero tana gyarawa. Duk motar da ta tsaya bakin hanya sai yarinyar ta ruga ƙofa."

Sai in ce: wa ake jira, daga ina yake, kuma wane lokaci ne na shekara? Ƴan zaure ku gwada kafin in ci gaba.

Baban_Ikram:
Babanta ne ya tafi cin rani, damina ta kusa, yana hanyar dawowa.

Zinariyar_Bouza:
Ni na ce yayanta ne. A garinmu samari suka fi tafiya, Abijan ko Libiya, su dawo noma.

Mai_Shago_Tasha:
Ba zai yiwu mahajjaci ba ne? Shi ma ana share masa ɗaki ana jiran mota.

Mushe_Ader:
Madalla, kun yi mini darasin da kanku. Yanzu tambaya ta biyu, wadda ita ce gishirin abin: me ya nuna maka? @Mai_Shago_Tasha aikin hajji a yau ba ya cin wata bakwai, to wannan kalmar ta rufe ƙofar. Irin gero da ake gyarawa ya nuna shuka ta matso. Wata bakwai daga bayan girbi ya kawo mu bakin damina, cin rani ke nan. Amma uba ne ko wa? Rubutun bai ba mu abin da za mu yanke ba. Baban Ikram da Zinariya duka suna iya yin daidai, kuma yaron da ya ce "ko uba ko wa, rubutun bai bambance ba" na fi ba shi maki. Ina son su san bambancin abin da aka faɗa, da abin da alama ta nuna, da abin da kai ne ka ƙara daga cikinka.

Ba yaron Ader da ke kasa wannan rubutun. Ranar da na juya shi zuwa Faransanci, rabin aji sai su yi tsit. Ka ga ke nan hankalin yana nan, harshen ne ya tare hanya.

Hajiya_Inna:
Ƴaƴana, ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Abin nan da Mushe ke faɗi ai shi muke yi da dare a tsakar gida tun muna yara. Baba na ɗaka gemu na waje. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Wa ya taɓa gaya maka amsa a cikin maganar? Kai za ka juya ta har ka gano wuta da hayaƙi, ka gano tsintsiya. In an yi tatsuniya kuma a tsaya a ce, to me kuke gani Gizo zai yi wa Ƙoƙi yanzu? Yanzu da an ci tuwo kowa ya kama waya. Ku maido wa yara wannan, ba sai wanda ya yi lakwal ba.

Uwar_Biyu_Tawa:
Inna Allah shi ƙara girma. Wannan kam ina iyawa.

Prof_Yamai:
Zan saɓa wa Mushe da Inna kaɗan, da girmamawa. BEPC, jarrabawar ƙarshen turwaziyam, da Faransanci ake rubuta ta, redakson (insha'i) da dikte (shifta) ba za su zo da Hausa ba. Yaron da ke jin Hausa a gida, a kasuwa, a filin ƙwallo, har a bakin ƙofar aji, awa nawa ya rage masa da Faransanci? In muka ƙara shigo da Hausa cikin darasin, mun cinye ɗan lokacin da yake da shi. Ni a ajina a Yamai ba na yarda da ko kalma ɗaya, kuma ina ganin amfanin haka. Ga shi ma ajin nawa akwai Zabarmawa da Fulani, da wane harshen zan yi bayani?

Malama_Ƙonni:
Prof, maganar ajin da ya haɗa harsuna gaskiya ce. Amma Hajiya a gida take tambaya, kuma ta ce a CM2 ta tsaya. In ka ce sai da Faransanci, ka fidda ta daga aikin ke nan, alhali ita ce ke zaune da yaron kowane dare. Kuma koyarwa da harshen gida ba baƙon abu ba ne a nan Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta, sannan kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Prof_Yamai:
Na san da kundin Malama. Amma yaron da zai zauna jarrabawa nan da shekara biyu, takardar da za a ajiye masa nake dubawa. Littattafan lissafi da kimiyya da ke hannunsa yau da wane harshe suke?

Ag_Abalak:
Ku tuna da mu kuma. Ƴaƴana Tamajaq suke ji a gida, Hausa a unguwa, Faransanci a aji, ga Ingilishi an ƙaro musu tun siziyam. Harshe huɗu a kan yaro ɗan shekara 12. Ni abin da na lura, babbar ɗiyata da kakarta ta cika da labarai ta fi saurin gane rubutu ko da wane harshe ne. Ƙanenta da ya tashi a gari bai samu haka ba, kuma shi ne ke wahala.

Mai_Shago_Tasha:
Duk wannan magana ce mai kyau amma ku faɗi gaskiya, aji nawa ne ke da littafi? Ɗana su huɗu ke tarayya a kan guda. Ajinsu na zana ne, sai an gama girbi aka samu karan da aka kafa shi, karatun Oktoba ya tafi. Malami ɗaya da yara fiye da 80, yaushe zai duba jimlar kowa?

Zinariyar_Bouza:
Wallahi kuwa. Mu namu malamin Faransancin sai da aka yi wata biyu da komawa kafin a turo shi.

Baban_Ikram:
Ga zafi ga ɗaukewar wuta da dare. Fitilar waya muke haska mata.

Admin_Zaure:
Jama'a duk abin da kuka faɗa haka yake, kuma za mu buɗe masa zance nasa daban. Amma Hajiya ta yi tambaya uku ne, an taɓa biyu. Saura gina jimla. A dawo kanta don Allah.

Malama_Ƙonni:
To bari in ɗauka. Yara 76 gare ni bana, saboda haka maganar Mai Shago ta shafe ni. Ba na iya gyara redakson 76 kowane sati, amma ina iya duba jimla ɗaya a kan arduwaz, ɗan allon hannu, in kowa ya ɗaga. Abin da nake yi, in rubuta rabin jimla a tablo sau uku, in canza mahaɗin kawai:

Albasa ta yi araha bana saboda...
Albasa ta yi araha bana amma...
Albasa ta yi araha bana, shi ya sa...

Da Faransanci parce que, mais, donc. Na farko yana neman dalili, na biyu yana neman abin da ya saɓa, na uku yana neman abin da ya biyo baya. Yaro ba ya iya kwafe wannan daga ko'ina, dole ya yi tunani. Kuma nan take kake gane wanda bai san bambancin parce que da donc ba, suna da yawa har a turwaziyam, suna sa sakamako a wurin dalili. Hajiya, wannan kina iya yi da shi da baki kuna tuƙa tuwo, ki ba shi da Hausa, shi ya rubuta da Faransanci. Kin ga Prof ma ya samu nasa.

ƊanGalmi:
Albasa ta yi araha bana saboda kowa ya kwashe lokaci guda, amma wanda ya adana tasa cikin rudu har ta yi tsada shi ka cin riba. Malama maki nawa?

Malama_Ƙonni:
Ka haɗa biyu cikin jimla guda Malam, 18 bisa 20. Irin wannan nake so yaro ya kai gare shi a katiriyam.

Mushe_Ader:
In ƙara a kan ta Malama. Ni ina farawa da guntuwar jimla mu yi ta ja. Le berger marche. Ina? Yaushe? Da me? Don me? Kowane yaro ya ƙara guntu ɗaya har ta zama "Le matin, le berger marche vers le puits avec ses chèvres parce qu'elles ont soif." Sannan mu koma baya, mu cire guntu guntu mu ga wanne ne in an cire jimlar ta faɗi. Nan suke gane aikatau da mai aikatawa ba tare da na sa su haddar ƙa'ida ba.

Kuma akwai kurakuran da Hausarmu ke haifarwa, gara a san su. Yaro zai rubuta "j'entends l'odeur" don mu "ji" ɗaya gare mu, jin magana, jin wari, jin yunwa, jin Faransanci, su kuwa entendre daban, sentir daban, comprendre daban. Zai ce "boire un comprimé" don mu shan magani muke, su prendre suke cewa. Sai jinsi: rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji, wata namiji ne, la lune mace. Shi ya sa @Ɗalibi_UDH kada ka rubuta suna a katinka ba un ko une a gabansa. Ba na dukan yaro kan irin wannan. Ina rubuta Hausar a gefe, Faransancin a gefe, mu dubi inda hanya ta rabu.

Prof_Yamai:
Wannan na ƙarshen na karɓa Mushe, kwatanta harsuna biyu don a kashe kuskure abu ne mai amfani. Inda nake tsaye shi ne kada ya zama duk kalma mai wuya sai an fassara. A koya masa ya tsinci ma'ana daga maƙwabtanta. "Le puits était tari, les femmes sont reparties avec leurs seaux vides." Ko bai taɓa jin tari ba, bokitai sun koma ba ruwa, me ya samu rijiyar? Ranar jarrabawa ba ƙamus, ba uwa, ba malami.

Ɗalibi_UDH:
Na gode Mushe, zan gyara katunan. Prof, ai wannan ɗin ma "me ya nuna maka" ce, da Faransanci kawai.

Prof_Yamai:
Ita ce. Ban ce hanyar ba ta da kyau ba, harshen da za a bi ta da shi muke ja.

Zinariyar_Bouza:
Tambaya: rubutun da za a yi wannan aikin da shi fa, ina za a samo? Mu ba laburare a garinmu.

Malama_Ƙonni:
Littafin tarihi da na SVT, kimiyyar halittu da ƙasa, da ke jakarsa rubutu ne. Takardar da ke cikin kwalin magani rubutu ce. Ni har sharhin kokowa nake amfani da shi lokacin gasar takobi, don ba yaron da ba ya bi, kuma suna alfahari in na gaya musu a Tawa aka yi ta farko a 1975. In ce su rubuta jimla uku kan karon jiya: wa ya yi kaye, ta yaya, kuma me ya nuna tun farko cewa shi zai yi. Ranar ko masu barci a bayan aji suna ɗaga arduwaz.

Uwar_Biyu_Tawa:
Ƴan uwa na dawo bayan kwana biyar. Na karanta masa labarin yarinyar da ɗaki. Kafin in rufe baki ya ce cin rani ne, babanta zai dawo. Da na ce me ya nuna maka, sai ya yi shiru, ya ce ai kowa ya sani. Sai da na maimaita sau uku ya kamo wata bakwai, irin geron kuwa ƙanwarsa ƴar CM1 ce ta gano shi. Gwangwanaye mun fara, kalma 12 ke ciki yanzu, biyar sun shiga na biyu. Na albasa ya yi saboda da amma daidai da baki. Da ya zo rubutawa da Faransanci, jimlar donc ta gagare shi, ya rubuta ya goge har takardar ta huje. Ban san ko abin da ya rubuta a ƙarshe daidai ne ba, ga shi: "L'oignon est moins cher cette année donc il y a beaucoup."

Mushe_Ader:
Alhamdu lillahi, an fara. Abin da Malama ta faɗa ne ya fito, ya sa dalili a wurin sakamako. Yawan albasar shi ya kawo arahar, to wannan ta parce que ce, kuma sai ya ce "il y en a beaucoup". Kada ki ba shi amsa. Ki tambaye shi da Hausa: da albasa ta yi araha, sai me ya faru a gidanmu? Abin da ya faɗa shi zai bi bayan donc.

Prof_Yamai:
Kuma ya karanta jimlar da ƙarfi bayan ya gyara, kunne ma yana koyo.

Baban_Ikram:
Ni tawa ta ƙi gwangwani, ta ce na yara ne, ƙawayenta za su yi mata dariya. Shekararta 15. Akwai wanda ya gwada wata hanya da manya haka?

Ag_Abalak:
Ka ba ta ƙanenta ta riƙa yi masa, ita ce malama. Tawa haka ta shiga ciki.

Baban_Ikram:
Ita ce auta Malam.

Malama_Ƙonni:
To ta yanka katunan ta ɗaure su da roba gida uku cikin jakarta, ba mai gani. Hajiya, ki turo mana jimlar donc ɗin in ya sake ta, ina son in ga abin da zai ce ya faru a gidan.